Tsadar Man Fetur Da Tukunyar Uwargida

A makon nan zancen man fetur za mu yi. Na san wata za ta ce, "Ina ruwana da fetur, ni da ba ni da ko keke, balle mota? Ai wannan hirar maza ce a bakin tasha." To, 'yar'uwa, dakata tukuna mu bi sawun abin da ke cikin tukunyarki.

Gishirin da kika zuba a miya mota ce ta kawo shi kasuwa. Manja daga Kudu ya taso a bayan babbar mota. Sabulu da ashana da sukari ta hanyar Kano su ke zuwa mana. Dawar da kika aika niƙa inji ne ya niƙa ta, shi kuwa inji mai ya ke sha. Tumatir da albasa na rani injin ban-ruwa ne ya shayar da su. Har gyaɗa da riɗin da maigida ya noma da hannunsa, sai an biya kuɗin dako kafin su isa kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu. Kun ga ke nan, ko wace mace a Yalwan Damai tana sayen fetur kullum. Ba a gidan mai ta ke biya ba, a cikin kuɗin cefane ta ke biya. Tun da haka ne kuwa, ya kamata mu san inda tsadar ta samo asali, da abin da za mu iya yi a kanta.

YADDA AKA YI YA YI TSADA

A wani gari da a ke kira Oloibiri, can cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara samun mai a Nijeriya cikin 1956, aka soma sayar da shi ƙasashen waje a 1958. Abin da a ke haƙowa ɗanye ne, ba ya tayar da inji sai an tace shi. Sabo da haka aka gina matatu a Fatakwal da Warri da Kaduna. Ta Kaduna, wadda ta fi kusa da mu, an buɗe ta a 1980, aka kuma ja bututu daga can zuwa ma'ajiyar mai ta Hotoro a Kano. Da matatun nan suka lalace, sai ya zama muna sayar da ɗanye, muna sayo tatacce daga waje da dalar Amurka. Kamar mace ce ta sayar da gyaɗarta duka, sa'an nan ta koma tana sayen man gyaɗa a maƙwabta.

Don kada abin ya yi wa talakawa nauyi, dā Gwamnati ta kan biya wani kashi na kuɗin ko wace lita. Wannan shi ne tallafin mai da ku ke ji a rediyo. An sha yunƙurin janye shi. Ran 1 ga Janairu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya janye, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Aka yi yajin aiki da zanga-zanga ko ina, har aka sauko da ita 97. A 2016, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, ta koma 145. Ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, a ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Hujjar Gwamnati ita ce kuɗin ya fi ƙarfin baitulmali, kuma ana fasa-ƙwaurin man zuwa maƙwabtan ƙasashe. Kafin ranar nan farashin Gwamnati bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500 a Arewa, a watan Yuli ya haura 600, a Oktoba 2024 ya haura 1,000. Watau ya ninka fiye da sau biyar cikin abin da bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Abin da ya ƙara wa borno dawaki shi ne, a watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi ƙwarai a gaban dala, mai kuwa da dala a ke yi masa kuɗi.

A Satumba 2024 matatar Alhaji Aliko Ɗangote da ke Ikko, watau Legas, ta fara fitar da fetur. Mai ita kuwa a Kwalejin Gwamnati ta nan Birnin Kudu ya yi karatu. Mutane da yawa sun sa rai mai zai koma araha kamar dā. Amma ɗanyen man da ta ke tacewa saye ta ke yi bisa farashin kasuwar duniya. Tun daga lokacin farashi ya kan hau ya kan sauka, amma bai ko kusanci inda ya ke dā ba. Kada mu zauna jiran jiya ta komo.

ABIN DA YA SA YA FI MANA CIWO

Dalili na farko nisa ne. Daga bakin teku zuwa nan ya fi kilomita 1,000, kuma a tanka a ke ɗauko man. Dā Gwamnati na biyan kuɗin dakon, don farashi ya zo kusan ɗaya a ko ina. Da tallafi ya tafi, wannan ma ya bi shi. Sabo da haka mutumin Gwaram ya kan sayi lita da tsada fiye da mutumin Ikko. Wanda ke ƙauyen da babu gidan mai kuwa, a wurin 'yan bumburutu zai saya a kwalba, su ma su ɗora tasu ribar.

Dalili na biyu ya fi na farko muhimmanci, gama shi ne a hannunmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1930 aka kai shi Nguru, ya bi ta Ringim da Malam Madori, can arewacin Jigawa ta yanzu. Mu nan kudu bai taɓa zuwa mana ba. Kakanninmu da ƙafa da jaki da amalanke su ke cin kasuwa. Da aka yi kwalta, babura suka yi araha, mai kuma ga shi kamar kyauta, sai muka saki waɗancan duka, muka kama acaɓa da ƙananan motocin haya. Yau ko aike za a yi zuwa unguwar da a ke hangowa, sai a ce a kira mai babur.

Ba ina cewa a koma zaman dā ba ne. Babur ya ceci rayuka da yawa, yana kuma ciyar da gidajen samarinmu masu yawa. Amma ko wace mace ta san tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai uku. Tafiya ma haka ta ke. Ta kusa, ƙafa da keke da dabba. Ta gaggawa, babur. Ta nesa, babbar mota mai ɗaukar jama'a. Mu kuwa mun ɗora tukunyarmu a kan dutse ɗaya, shi ya sa da ya motsa miya ta zube.

Ku duba kuma yadda a ke ɓarnar man. Babur mutum ɗaya ko biyu ya ke ɗauka, sau da yawa kuma ya komo ba kowa, fasinja ne zai biya man zuwa da na komowa. Bas mai cin mutum 18 ta fi babur shan mai, gaskiya ne, amma ba ta sha kamar babura 18 ba, ko kusa. Muddin ko wace mace ita kaɗai za ta yi tafiyarta a ranar da ta ga dama, tafiya mafi tsada mu ke saye, mu da muka fi kowa ƙarancin kuɗi.

ABIN DA KE SALWANTA

In kuɗin mota ya yi yawa, maigida ba zai fasa zuwa gona ko kasuwa ba, don nan abinci ya ke. Tafiyar da a kan fara sokewa ta mata ce da ta 'yammata.

Ta farko awon ciki. Mai ciki ta kan ce, "Ai lafiyata lau, bari sai wata mai zuwa." Alhali hawan jini da ƙarancin jini ba su cika yin sallama ba, sai an auna a ke gane su. Hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ke kawo jijjiga wajen haihuwa. Sa'an nan ranar naƙuda, in abu ya rikice da tsakar dare, a tsaya neman mota, a tsaya neman mai, a tsaya neman bashi. Zubar jini bayan haihuwa kuwa ba ya jira, cikin sa'o'i kaɗan ya kan kashe mace. Ga babban Asibitin Tarayya a Birnin Kudu, amma ina amfaninsa ga wadda ba ta iso ba?

Ta biyu makaranta. Bari mu yi lissafi, 'yan makaranta ku ɗauko alƙalami. A ce yarinya tana zuwa sakandare a wani gari, kuɗin babur naira 300 zuwa, 300 komowa. Misali ne kawai, ko wacce ta sa na garinsu. Naira 600 ke nan a yini, 3,000 a mako, 39,000 a zango mai mako 13, a shekara kuwa 117,000. Mafi ƙanƙancin albashin da aka tsayar a ƙasar nan a 2024 naira 70,000 ne a wata, manomi kuwa ba ya da albashi. In uba yana da ɗa da 'ya, kuɗin ba ya isa duka biyu, kun san wadda za a ce ta zauna. Da fashin kwana ɗaya a ke farawa, ya zama mako, daga nan sai a ji an sa rana.

Na uku kuwa rai ne kansa. Da mai ya yi tsada, sai ya zama dukiyar ɓoyo, ana ajiye shi a jarka a ƙarƙashin gado. Ku sani, tururin fetur ne ke kama wuta, ya kuwa fi iska nauyi. Ya kan bi ƙasa ya tafi har wurin murhu ko fitila, wuta ta biyo shi ta komo ɗaki. Kada a ajiye shi inda a ke kwana ko inda a ke girki. Kada a zuba shi a kwalbar lemo inda yaro zai gani ya sha. In kuwa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti nan da nan. In wutar fetur ta tashi, ruwa baza ta ya ke yi, ƙasa ko yashi a ke zubawa. Ba mu manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, sa'ad da tankar mai ta faɗi a Majiya cikin Ƙaramar Hukumar Taura. Mutane suka taru kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Uwaye, ku gaya wa 'ya'yanku tun yau, in tanka ta faɗi, gudu a ke yi, ba a zuwa ko kallo.

ABIN DA KE HANNUNMU

Farashin lita ba a tsakar gidanmu a ke yanke shi ba. Amma yawan tafiyar da mu ke saye, wannan namu ne.

Da fari, a haɗa aike. Mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa da mai ɗinkin hula, ko wacce tana aika nata yaron kasuwa a kan nasa babur. Me zai hana gida biyar ko shida su aika mutum ɗaya amintacce, dattijuwa ko wani ɗan'uwa, a raba kuɗin motar? Nan ne 'yar makaranta za ta yi amfani. Ita za ta rubuta sunan ko wacce, da kuɗin da ta bayar, da abin da ta ke so, in an komo a karanta a gaban kowa. Rubutu shi ke hana zargi, zargi kuwa shi ke kashe irin wannan haɗin kai. In an saya a dunƙule ma, kwano ya fi sauƙi.

Na biyu, masu ciki na unguwa ɗaya su sa ranar awonsu ta zo ɗaya, su ɗauki shatar mota ɗaya ko Keke Napep. Direban da ya san ko wane mako yana da lodi tabbatacce zai yi rangwame, don bai ɓata mai wajen neman fasinja ba. Maza kuma sun fi sakin jiki su ba da izini in sun san a cikin ayari za a tafi.

Na uku, asusun mota. Muna yin adashe don biki da kayan ɗaki. A yi wani ƙarami wanda ba a kwasa, sai don kai mai naƙuda ko marar lafiya asibiti. A ajiye shi a hannun wadda aka yarda da ita, a rubuta shiga da fita. Tun ciki na wata bakwai a yi magana da direba, a karɓi lambar wayarsa, a tsayar da kuɗi, a kuma san wanda za a kira in ba a same shi ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Gwamnatin Jigawa ta kafa shirin Haihuwa Lafiya, ta raba wa ƙauyuka masu wuyar shiga motoci don wannan aiki, an kuma yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW don ɗaukar masu naƙuda. A tura maigida wurin mai unguwa ya ji abin da garinku ya samu, da wanda ke riƙe da makulli.

Na huɗu, keke. A Jihar Bihar ta ƙasar Indiya, inda talauci da nisan makaranta suka yi kama da namu, Gwamnati ta fara ba 'yammatan sakandare keke a 2006, yawan masu ci gaba da karatu ya ƙaru ƙwarai, musamman a ƙauyukan da ke nesa. Na san wasu iyaye za su ɗaga gira. To, a kwatanta kuɗin keke a kasuwa da lissafin shekarar nan da muka yi. A kuma yi tunani, wanne ya fi kamala, yarinya cikin hijabinta da wandonta a kan kekenta tare da ƙawayenta, ko a bayan babur ɗin wanda ba a sani ba? Inda iyaye ba su yarda ba, ko hanya ba ta da tsaro, 'yammata su tafi a ƙasa cikin ayari, a kuma rage musu aikin safe don su fita da wuri.

Na biyar, zumunci. An ce zumunci a ƙafa ya ke, ba kuwa za mu yar da shi ba. Amma suna ɗaya ba ya bukatar mace goma daga gida ɗaya, ko wacce da goyo. A wakilta biyu, sauran su gaisa ta waya, abin da za a ba direba a ƙara wa mai jego. Mai biki kuma kada ta riƙe wadda ba ta zo ba a zuci, ta san halin da a ke ciki.

ABIN DA ZA A NEMA WURIN HUKUMA

Dutse na uku, watau babbar mota, ba mata ne za su ɗauko shi ba, aikin Hukuma ne. An kuwa ga inda aka yi. A 2005 Gwamnatin Kano ta kawo babura masu ƙafa uku musamman don mata, su ne a ke kira A Daidaita Sahu. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Borno ta zuba motocin bas da tasi masu aiki da gas da lantarki a Maiduguri, kuɗinsu da rangwame. Sai dai duk waɗannan a birni aka yi su. A 2021 an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, aka tsara reshe zai zo Dutse. Ko da ya zo, daga ƙofar gidanmu zuwa Dutse sai da mota.

Abin da ƙauye ke bukata ƙarami ne. Bas ce mai lokaci, wadda kowa ya san ranar zuwanta da sa'ar tashinta, ko ta cika ko ba ta cika ba. Ta bi garuruwan Birnin Kudu da na Gwaram, ta zo daidai da ranar kasuwa da ranar awo da lokacin shiga makaranta. Motar tasha sai ta cika ta ke tashi, mai ciki ta zauna tun hantsi har azahar, ta iske an tashi awo. Sa'an nan a gyara hanyoyin ƙauye, don ramuka da yashi da laka suna ƙara shan mai, suna cin taya, direba kuwa a kan fasinja zai fanshe. Tun da aka janye tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun Tarayya ya ƙaru. Ba roƙo ba ne in mun tambaya a ina namu ya ke. Ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya na matan aure su rubuta takarda, a sa hannu, a miƙa wa kansila da shugaban Ƙaramar Hukuma ta hannun dagaci. Ranar zaɓe layinmu ya kan fi na maza tsawo, kada muryarmu ta fi tasu gajarta.

Ga aikin gida, ƙannena 'yan makaranta. Ko wacce ta ware shafi ɗaya a littafinta, ta rubuta duk kuɗin mota da na babur da aka kashe a gidansu cikin kwana bakwai, da dalilin ko wace tafiya. Ranar Juma'a ta karanta wa mahaifiyarta, su ware wadda ta zama tilas, da wadda za a iya haɗawa da ta maƙwabta, da wadda ƙafa za ta iya. Wadda ta yi ta aiko mana da abin da ta samu, da sunan garinsu. In lissafin ya taru daga garuruwa da yawa, shi za mu ɗora a gaban Hukuma.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.